Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Magana Kan Masu Binciken Kamfanoni



Akwai wata sana'a da ta fara shigowa cikin 'ya'yanmu na Abijan, wadda har yau ba mu sama mata suna mai daɗi ba. Idan yaro ya zama likita, gida ya ɗauki guɗa. Idan ya shiga duwan, a ce Allah Ya buɗa masa. Amma idan aka ji cewa wani babban kamfani na ƙasa da ƙasa ya ɗauke shi yana zagaya rassa, yau Dakar, gobe Duwala, jibi Legas, yana bincikar littattafan kuɗi da mangazar kaya, sai ka ga fuskoki sun sauya. Wani ya ce ɗan sandan Nasara ne, wani ya ce mai tona asirin bayin Allah, wani kuma ya tambaya cikin raɗa ko albashin irin wannan aiki ya halatta, tunda a kan rahotonsa ake korar magidanta. Ina ganin mun zalunci wannan sana'a. Tana da asali a addininmu tun kafin a haifi kamfanin farko a Turai, kuma mu mazauna Adjamé da Treichville mun fi kamfanonin buƙatarta. Sai dai tana da iyaka, tana kuma da ɗaci, kuma bai dace mu ɓoye wa yaranmu ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu fara da sanin aikin kansa, domin da yawa daga masu zaginsa ba su san shi ba. Wanda ya haye gadar Houphouët-Boigny daga Treichville ya shiga Plateau, ko ya gangara Vridi wajen tashar jiragen ruwa, ya shiga duniyar kamfanonin da iyayen gidansu ke zaune a Faransa, Suwizalan, Amurka ko Singafo: masu sayen koko irin su Cargill da Barry Callebaut da Olam, masu kayan abinci irin su Nestlé, masu waya irin su Orange, da AGL wanda ya gaji harkar tashar da Bolloré ya sayar wa MSC a ƙarshen 2022. Masu dukiyar suna nesa, dukiyar tana nan hannun wasu. Saboda haka ake da masu bincike iri biyu. Na farko baƙo ne daga waje, wanda Faransanci ke kira commissaire aux comptes, kuma dokar OHADA ta wajabta wa manyan kamfanonin hannun jari su naɗa shi. Yakan zo ya duba lissafin shekara ya sa hannu cewa alƙaluman sun yi daidai da gaskiya. Na biyu, wanda muke magana a kansa, ɗan gida ne. Kamfanin ne ke biyansa, amma a ƙa'ida ba ya ƙarƙashin manajan reshen da yake bincika. Yana kai rahotonsa ga wani kwamiti na majalisar daraktoci, can hedikwata.

Idan ya sauka a reshe, yakan yi mako biyu ko uku. Ba ya iya karanta kowace takarda, don haka sai ya zaɓi samfuri, kamar yadda mai sayen goro ke zura hannu cikin huhu ya zaro daga sama da tsakiya da ƙasa. Zai ɗauki takardar odar kaya, da takardar da mai mangaza ya sa wa hannu ranar da kayan suka iso, da takardar kuɗin da mai kawo kaya ya aiko, ya jera su uku ya ga ko magana ɗaya suke yi. Zai shiga mangaza ya ƙirga buhuna da idonsa ya gwada da abin da kwamfuta ta ce. Zai duba jerin masu karɓar albashi ya nemi ganin mutanen, domin sunan mamaci ko na wanda ba a taɓa haifa ba yana iya cin albashi shekaru. Zai gwada lambobin asusun masu kawo kaya da na ma'aikata, ko akwai inda suka haɗu. Babbar tambayarsa kuwa ita ce ko mutum ɗaya ne ke odar kaya, ya karɓe su, ya kuma biya kuɗinsu. In haka ne, zai rubuta cewa ƙofa a buɗe take, ko da ba a sami ko dala ɗaya da ta ɓace ba. Daga nan ya nuna wa manaja abin da ya gano, manaja ya rubuta amsarsa a ƙarƙashin kowane batu, a aika duka sama, bayan watanni a dawo a ga ko an gyara.

Wanda ya lura zai ga cewa mafi yawan aikin neman tsaga ne a jikin bango, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kama ƙadangaren kansa abu ne da kan faru jefi-jefi.

Abin da ya ɗaga darajar wannan sana'a a zamaninmu ya faru ne a Amurka a shekarar 2002. Wata mata mai suna Cynthia Cooper, shugabar masu binciken cikin gida ta kamfanin sadarwa na WorldCom, ta ga wasu alƙaluma da ba su kwanta mata ba. Babban jami'in kuɗi na kamfanin ya nemi ta jinkirta binciken. Ita da abokan aikinta suka riƙa aiki da dare a ɓoye, har suka gano cewa an ɗauki kuɗin da aka kashe, kimanin dalar Amurka biliyan 3.8, an rubuta su a matsayin jari don asara ta zama riba. Ta tsallake manyanta ta kai maganar ga kwamitin bincike na daraktoci. Kamfanin ya durƙushe a watan Yuli na wannan shekara, daga baya aka ga ɓarnar ta kai wajen biliyan 11, kuma a 2005 aka yanke wa shugabansa Bernard Ebbers ɗaurin shekara 25. Wannan da abin da ya faru da Enron a 2001 su suka haifi dokar Sarbanes-Oxley ta 2002. Ga kuma dokokin hana ba da cin hanci a ƙasashen waje: ta Amurka tun 1977, ta Ingila a 2010, ta Faransa da ake kira Sapin II a 2016. Ma'anarsu ita ce, idan wakilin kamfani ya miƙa wa wani jami'i ambulan a Abijan, ana iya cin uwar kamfanin tara a Paris ko Landan ko New York. Tsoron wannan tara ne ke biyan kuɗin jirgin mai bincike, kada wani ya zaci tsoron Allah ne.

Mu kuwa da muka tashi gaban allo, bai kamata sai Amurka ta koya mana wannan ba. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo aka yi masa lissafi, sai ya ware wani abu ya ce wannan kyauta ce aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi wa jama'a huɗuba a kan haka, yana nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta biyo shi. Abu biyu ne a nan. Sahabi ne aka zaunar aka yi wa lissafi, kuma an yanke hukunci tun ranar cewa kyautar da muƙami ya jawo ba ta mai muƙamin ba ce.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya mayar da abin tsari. Masu tarihi sun ruwaito cewa yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, domin in ta ƙaru a tambayi inda ƙarin ya fito. Wannan shi ne abin da hukumar HABG, wadda aka kafa a nan Kodebuwa a 2013, take nema daga manyan jami'ai da sunan bayyana kadara. Kuma Umar yana da mutum na musamman da yake aikawa larduna, Muhammad ɗan Maslama, mutumin Madina. Shi ya tafi Masar aka raba dukiyar Amru ɗan Asi, kuma an ruwaito cewa da Amru ya kawo masa abinci ya ƙi ci, saboda ya san da wace riga ya zo. Shi ya tafi Kufa da mutanen garin suka kai ƙarar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, aka bi masallatai ana tambayar jama'a halin gwamnansu. In akwai mai binciken cikin gida na ƙasa da ƙasa a tarihi, to ga shi nan, a kan raƙumi.

A dakata a kan Sa'adu. Yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna tun suna raye. Duk da haka aka bincike shi, kuma bai ce an ci mutuncinsa ba. Da Umar ya zo gargara, ya sa shi cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu, ya kuma bayyana cewa bai cire shi daga Kufa don gazawa ko ha'inci ba. To wane ne a cikinmu ya fi Sa'adu, da za a ce masa kawo littafi mu gani ya tashi da fushi ya ce an kira shi ɓarawo? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Da amana kaɗai ta wadatar, da ba a saukar da ita ba.

Na san amsar da dattawanmu za su bayar, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce kakanninmu sun yi fataucin goro daga Gwanja zuwa Kano ba tare da rasit ba, kuma har gobe albasar Galmi tana sauka Adjamé, goron Anyama yana tafiya arewa, shanu suna canza hannu, miliyoyin sefa suna yawo a kan kalmar baki. Gaskiya ne. Amma wannan amana tana da masu gadi. Mai gida ya san yaronsa tun daga uban da ya haife shi. Dillali shaida ne, kuma shi ke tsaya wa baƙo. Fatake suna sauka gida ɗaya, suna salla masallaci ɗaya, kuma wanda ya ci amanar wani a Kumasi, labarinsa kan riga shi isa zangon gaba. Ashe bincike ne ake yi dare da rana, da ido da kunne, ba a dai rubuta shi. Wani Bature mai suna Abner Cohen, da ya zauna a Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda bashin shanu da goro ke tafiya ta hannun masu gida da dillalai a kan wannan tsari na sanin juna.

Yau masu gadin sun yi ƙaranci. Yaron shago yana da layi uku a wayarsa, kuɗin ciniki suna shiga ta Wave ko Orange Money cikin lambar da mai gida bai taɓa gani ba. Kaya suna zuwa cikin kwantena daga Dubai da Sin, da takardun duwan cikin Faransancin da mai dukiyar ba ya karantawa. Wanda ya ci amana a Adjamé ya hau mota ya bar ƙasar, ko ya koma Yopougon kawai ya ɓace cikin miliyoyin mutane. Mun riƙe rashin rubutun kakanni, mun saki tsaron da ya sa rashin rubutun ya yi aiki.

A matsayina na mai riƙe alƙalami a zauren dattijon da nake wa magatakarda, zan iya cewa mafi yawan rigingimun dukiya da ke zuwa gabanmu babu ɓarawo a cikinsu. Mutane biyu ne masu salla, kowa ya rantse da gaskiyarsa, kuma mai yiwuwa kowa ya gaskata abin da yake faɗa, sai dai shekara bakwai suna haɗa jari babu takarda ɗaya. Mafi muni shi ne ranar da mai gida ya rasu. Littafinsa yana cikin kansa, an binne shi da shi. Masu binsa bashi sukan zo tun kafin addu'ar uku, waɗanda yake bi kuwa sai su yi shiru. Marayu su tashi da zargin baffansu, baffan kuma, wanda watakila daga aljihunsa yake ciyar da su, ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa. Wannan ne abin da masu ƙin bincike ba su gane ba: mai gaskiya shi ya fi kowa asara idan babu lissafi, domin ba shi da shaida. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda masu tallar sana'ar ba su cika faɗa ba. Mai binciken cikin gida ma'aikacin kamfani ne, kuma idon da kamfani ya saya yakan fi ganin abin da ke cutar da kamfani. Direban da ya zuƙe lita hamsin ta gazuwal za a kama shi cikin mako guda. Abin da ake ƙullawa a benen ƙarshe na hedikwata kuwa, sau da yawa ba ya cikin jadawalin binciken shekara. A 2022 kamfanin Glencore ya amsa laifi a gaban kotunan Amurka da Ingila cewa ya ba da cin hanci don samun ɗanyen mai a ƙasashe da dama, har da Najeriya da Kamaru da Kodebuwa. An ci shi tarar fiye da dalar Amurka biliyan ɗaya a Amurka, kotun Landan kuma ta sa ya biya kimanin fam miliyan 280. An bayyana yadda ake ciro tsabar kuɗi ana ɗaukar su cikin ƙananan jirage. Kamfani mai wannan girma yana da masu bincike da ƙa'idoji a rubuce, amma abin ya yi shekaru yana gudana. A Najeriya, a 2006 aka gano cewa reshen Cadbury ya yi shekaru yana kumbura alƙalumansa da kimanin naira biliyan 13, kuma daga saman reshen abin ya fito.

Mu a nan muna da namu tabon. A watan Agusta na 2006 aka kwashe dattin guba daga jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, aka zubar a Akouédo da wasu wurare cikin Abijan. Fiye da mutum dubu ɗari suka je asibiti, hukuma ta ƙirga aƙalla 15 da suka rasu. An ba wani ƙaramin kamfani da bai daɗe da samun lasisi ba aikin kwashewar, a kan farashin da bai kama ƙafar abin da aka nema a Amsterdam ba. A 2007 Trafigura ya biya gwamnati sefa biliyan 100 ba tare da ya amsa laifi ba. Tambayar farko da ake koya wa ɗan koyon bincike ita ce: wane ne wannan ɗan kwangila, yaushe aka kafa shi, kuma me ya sa ya fi kowa araha haka? Duk wanda ya shaƙi warin wancan mako ya san abin da rashin yin wannan tambaya a kan lokaci yake jawowa. Haka harkar koko, arzikin ƙasar nan: a 2008 aka kama shugabannin hukumomin da ke kula da ita, a 2013 kotu ta yanke wa da yawansu shekara 20, bayan manoma sun daɗe ana cire musu kuɗi daga kowane kilo.

Ban kawo waɗannan don in rushe abin da na gina ba. Suna nuna cewa bincike yana da ƙarfi gwargwadon ƙarfin wanda ake kai wa rahoto. Muhammad ɗan Maslama ya iya tsayawa gaban gwamnan Masar ne saboda Umar ke bayansa. Da Amru ne ke biyansa kuma shi ke karanta rahotonsa, da tarihi bai san sunansa ba. Don haka shawarata ga duk yaronmu da aka kira ganawar ɗaukar aiki: kafin ya tambayi albashi, ya tambayi wa shugaban sashen bincike yake kai wa rahoto, kuma wa ke da ikon korarsa. In aka ce babban jami'in kuɗi ne, to ya san an ɗauke shi gadin ƙofar da mabuɗinta ke hannun wanda ake tsaro. Kuma ya shiga da sanin cewa wata rana zai iya samun kansa inda Cynthia Cooper ta samu kanta, tsakanin albashinsa da abin da ya gani. Wanda bai shirya wa wannan rana ba, gara ya nemi aikin akanta ya zauna lafiya.

Game da masu cewa haram ne a ci abinci da rahoton da zai sa a kori mutum, ina ganin sun juya alhakin. Wanda ya ci amana shi ya kori kansa. Abin da ke kan mai bincike shi ne kada ya rubuta abin da bai tabbatar ba, ya saurari wanda ake zargi kafin ya rufe rahoto, kuma kada ya tsananta wa ƙarami ya kau da kai daga babba. Waɗannan sharuɗɗan shaida ne a fiƙihu, kuma su ne ƙa'idojin sana'ar. Batun aiki a bankin da ke mu'amala da riba daban ne, malamai sun yi maganganu a kansa, kowa ya tambayi malaminsa. Amma kamfanin koko ko siminti ko waya ba shi da wannan shubuha.

Jarrabawar da ta fi tsanani ga ɗanmu a wannan aiki daga wajenmu take fitowa. Ranar da aka ji yana da kujera a kamfani, za a fara sallama a ƙofar mahaifinsa. Wannan yana son a sa ɗansa cikin masu kawo kaya, wancan yana da ƙani mai riƙe da mangaza a reshen da za a bincika, a taimaka a rufa asiri. Idan Layya ta matso, wani ɗan kwangila zai aiko da rago gidan tsoho, ba gidan yaron ba, domin ya san tsoho ba ya mayar da kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin al'adun mulkin da ya yi inkari. Shekara ɗari biyu ke nan, ga mu muna kiranta zumunci. Yaron da ya ƙi alfarma sai a ce boko ya cinye shi, ya manta asalinsa, alhali shi ne ya fi mu kusa da abin da Shehu ya karantar. Iyaye, in kuna son ɗanku ya daɗe a wannan aiki da mutuncinsa, ku ne za ku tsaya a ƙofa ku mayar da ragon.

Akwai kuma wahalar jiki da ta rai. Rabin shekara a ɗakunan otal, azumi a ƙasar da rana ba ta faɗuwa da wuri, neman abincin halal da wurin salla a filin jirgi, mata da 'ya'ya a Abijan suna ganinsa ta waya. A reshen da ya sauka ana yi masa murmushi, amma hira takan mutu in ya shigo wurin cin abinci. Shi ya sa da yawa sukan yi 'yan shekaru su koma wani sashe, kuma sukan koma da daraja, saboda sun ga cikin kamfanin fiye da kowa.

Hanyar shiga a buɗe take ga wanda ya yi karatu. Ana koyon lissafin kuɗi da bincike a INP-HB ta Yamoussoukro, da jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Cocody, da CESAG ta Dakar. Tsarin lissafin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, ɗaya ne a ƙasashe 17 na OHADA, don haka wanda ya iya shi a Abijan ya iya shi a Yamai da Bamako da Yawunde. Babbar kotun OHADA ma a nan Abijan take, haka kasuwar hannun jari ta BRVM da hedikwatar Bankin Raya Afirka. Ƙungiyar masu binciken cikin gida ta duniya, IIA, wadda aka kafa a New York a 1941, tana ba da takardar shaida mai suna CIA bayan jarrabawa kashi uku. (Sunan ya yi karo da na hukumar leƙen asirin Amurka, kada wani ya ji ya ce ai dama mun faɗa.) Turanci ya zama dole. Amma ɗanmu yana da jarin da ɗan Paris ba shi da shi: yana jin Hausa da Julanci da Faransanci, ya taso cikin kasuwa, ya san yadda ake cika buhu da yadda ake rage shi, kuma in leburori suna magana a bayan mangaza ya san abin da suke cewa. Abin takaici shi ne yawan yaranmu da ake cirewa daga makaranta a aji na uku na sakandare a zaunar a shago, da 'yan matan da ko can ba su kai ba, alhali mace ce ta tona WorldCom.

Sai abin da ya fi kusa da mu. Muna da kwamitocin masallatai, da asusun jana'iza da na mayar da gawa ko mara lafiya gida, da ƙungiyoyin 'yan gari, da adashin mata, da kuɗin da ake tarawa in gobara ta ci rumfunan 'yan uwa a kasuwa. Kuɗi masu yawa ne, na talakawa ne, kuma mafi yawansu suna hannun mutum ɗaya mai mutunci wanda kunya ta hana kowa ya tambaye shi. Ƙungiyoyi nawa muka gani sun rabe biyu a kan zargin da ba a taɓa tabbatarwa ba, ba a kuma taɓa wankewa ba? Ina ba da shawara mu ari abu uku daga masu binciken kamfanoni, ba sai mun biya kowa ba. Wanda ke karɓar kuɗi ya zama daban da wanda ke rubutawa. Kada a fitar da kuɗi daga asusu sai da hannu biyu. Kuma sau ɗaya a shekara, a ce bayan Sallar Layya, a naɗa mutum biyu da ba sa cikin kwamiti, ɗaya dattijo ɗaya daga yaranmu masu ilmin lissafi, su duba littafi da rasit da abin da ke cikin asusu, su karanta sakamakon a gaban jama'a. A sa wannan cikin dokar ƙungiya tun ana zaman lafiya, domin in ya zama al'ada ta kowace shekara babu ma'ajin da zai ce da shi ake.

Littafin tarin gudummawa da ke hannuna yana cikin waɗanda nake nufi. Na roƙi mai gida ya sa a fara da shi, kuma duk ɗanmu ko 'yarmu da ya karanci wannan fanni yana iya zuwa zaure bayan La'asar ya buɗe shi daga shafin farko.